Kiredit Na Biyar

A shagon Jabbi, bakin tashar Aliero,
janareta na tari, fanka ta gaji da juyawa,
takardar sakamakona tana kan cinya,
ta yi laushi don yawan ninkewa.

Ƙofa biyu ce a allon.
Ta farko injiniyancin kwamfuta:
tana son lissafi, tana son Turanci,
fizis, kemistiri, da guda na cikawa.
Ta biyu kimiyyar kwamfuta.
Ita ba ta kafe a kan kemistiri ba,
ta ce in da bayoloji a hannu, bismilla.

Ni kuwa kemistiri ya yi mini ƙafar ungulu.
Bakwai ya ba ni, shida ake nema.
Ranar jarabawar zazzaɓi ya kwana a ƙashina,
tambaya ta uku ta yi ta rawa a takarda
har mai tsaro ya ce a ajiye biro.

Fom ba shi da hanci,
ba ya jin ƙaurin dalma a yatsuna.
Bai san ni na tada rediyon Inna Kulu ba
bayan shekara biyu tana bebantaka,
bai san famfon sola na fadamarmu
da wayar tsohuwar caja yake numfashi ba.
Gurbi biyar gare shi, kamar tabarmar gado,
in ba ka cikin lissafi, ko kai ne ɗan fari.

Malam Nomau ya ce in dakata,
in sake zama Neko, baɗi ma shekara ce.
Baba Arzika bai ce komai ba sai da ya gama alwala.
Buhu takwas ya sayar tun albasa na arha
don kuɗin fom da na mota.
Ya ce, "Sahabi, ni ban san bambancinsu ba.
Abin da ni sani shi na rudu:
mai aje albasa shina riskar tsada,
amma in ya buɗe, kashi ɗaya cikin uku ya zama ruwa.
Kai ka san irin taka."

Ban san irin tawa ba.
An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba,
to halin wa zan yi, ni da na taso tsakanin kwali da kunya?

Jabbi ya ƙwanƙwasa tebur.
"Mutum shida na bayanka, malam injiniya."
Na ɗora yatsa ke nan, janareta ya yi shiru,
allo ya yi baƙi, ƙofofin suka tafi tare.
Aka yi tsaki. Wata yarinya ta dafe kai,
gobe za a rufe, daga Jega ta zo.

Na fita baya, na durƙusa a cikin baƙin mai.
Fulogi ne. Na kankare shi da reza,
na hura, na mayar, na ja igiya sau biyu.
Ya amsa.
Jabbi ya ce yau ba zan biya ko sisi ba.

Da allon ya dawo, ba abin da ya sauya.
Kemistiri na nan a bakin ƙofar farko
kamar maigadin da bai ga abin da ya faru ba.

Na goge hannu a wando,
na danna ta biyu.
Firinta ta tofo sunana, da tambarin yatsa baƙi a gefe.

A hanyar gida, wajen masu ɗinkin buhu,
na tsaya gaban mai tsofaffin littattafai.
Akwai kemistiri ɗaya, babu bango, an ci shafi goma.
Ya ce ɗari bakwai.
Na ce shida.